A Gaya wa Direba Ya Rage Gudu

Ranar Talata ce, a ƙarshen daminar bara, jim kaɗan bayan sallar asuba. Mu huɗu ne a ƙofar gidan surukina cikin birnin Zariya. Akwai shi surukin nawa, wanda muke kira Baba Alhaji, shugaban kwamitin unguwarmu na wayar da kai kan shan ƙwaya. Akwai Hajiya Rakiya, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Akwai ni, mai karanta wa kwamitin sanarwa saboda na yi aikin rediyo. Sai Yaya Isiyaku, direban da zai kai mu Maraɗi.

Tun da muka dawo, duk majalisar da na zauna tambayar ɗaya ce: yaya Nijar, kuma me ya sami Isiyaku? Wasu sun ce hatsari muka yi, wasu sun ce jifansa aka yi. Babu ko ɗaya. Na tambaye shi ko in rubuta abin da ya faru, ya ce, "Rubuta, amma ban da ƙarin gishiri, ɗan jarida." Ban ƙara ba.

Aikin kwamitinmu ba mai yawa ba ne. Muna ɗaura lasifika a kan wata ƙaramar bas, mu zaga tashoshin mota da majalisun matasa, daga cikin birni zuwa Tudun Jukun, Tukur-Tukur da Kongo. Saƙonmu biyu ne. Kada ka sha ƙwaya ka tuƙa. In kuma wanda ya sha ya kwanta yana munshari, an tashe shi bai tashi ba, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Wata ƙungiya irin tamu a Maraɗi ta ga aikin a waya, ta gayyace mu taron direbobi da za ta yi ranar Laraba da safe.

Isiyaku ɗan farin Baba Alhaji ne, yayan maiɗakina. A hannun kakarsa ya tashi, kuma tun da na shiga gidan ban taɓa jin Baba Alhaji ya kama sunansa ba, ko ya dube shi ya yi masa magana. In zai aike shi, wanda ke kusa yake faɗa wa. Ni kuma suruki ne: ba na cin abinci a gabansa, ba na musa masa. Baba Alhaji ne da kansa ya ce Isiyaku zai tuƙa mu, ya kuma sanar a zaman kwamiti cewa za a tsayar da shi a gaban taro a nuna direban da ya yi shekaru a hanyar Ikko ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba. Abin da ba a sanar ba shi ne, a daren da za mu tashi Isiyaku ya iso daga Ikko da kaya. Bai kwanta ba.

Muka fita ta Ƙofar Doka da lasifika a kunne, muryata tana tashi a saman kaina har muka wuce Samaru. Ina gaba kusa da direba, Baba Alhaji yana bayansa, Hajiya Rakiya ta miƙe ƙafa a kujerar baya saboda ciwon gwiwa.

A Funtuwa muka tsaya wurin mai shayi. Baba Alhaji ya zauna a benci, don haka na ɗauki kofina da burodina na zagaya bayan mota in sha. A can na tarar da Isiyaku a tsugune gefen taya. Yana ɓalle ƙwaya daga kati yana tarawa a tafin hannu, ba ɗaya ba, ba biyu ba, ya watsa a baki ya kora da lemon gwangwani na ƙarin kuzari. Muka haɗa ido.

"Ciwon baya ne, Malam Habu," in ji shi.

"Yaya, na ga katin. Tiramol ce. Hotonta ne a jikin motar nan."

"To ka gani. So kake in yi gyangyaɗi da Baba a mota?"

"Kawo in karɓe ka."

Ya yi dariya. "Kai da ka rushe wa liman katanga da ribas? Wannan bas ce, ba teburin labarai ba. Sha shayinka."

Gaskiyarsa ce game da katangar. Tuƙina bai wuce gida zuwa ofis a ƙaramar mota ba, kuma ban taɓa hawa babban titi ba. Na shanye shayin ban ji ɗanɗanonsa ba.

Daga Funtuwa zuwa Bakori bakinsa bai rufu ba. Ya ba ni labarin 'yan kamasho na Ogbomosho, ya kwaikwayi yadda nake jan "jama'a" a sanarwa, ya yi waƙa. Gumi yana tsattsafo masa a goshi alhali iska na shigowa. Allurar gudu kuwa sai hawa take yi. Can na ji gyaran murya daga baya.

"A gaya wa direba ya rage gudu."

Tsakanin bakin Baba Alhaji da kunnen Isiyaku bai kai kamu ɗaya ba. Amma ni aka faɗa wa, don haka na juya na ce, "Yaya, Baba ya ce a rage."

"Ka ce wa Baba an rage."

"Baba, an rage."

An rage ɗin, har muka wuce wata kasuwar ƙauye, sannan aka koma.

A gidan mai na Malumfashi na raka Hajiya Rakiya ta sayi ruwa, na faɗa mata abin da na gani. Ta tsaya cak da leda a hannu.

"Innalillahi. A motar wayar da kai? Nawa ya sha?"

"Ban ƙirga ba. Da yawa."

"Ka faɗa wa surukinka?"

Na girgiza kai.

"Na manta, ku 'yan birni ne," in ji ta, ita ma haifaffiyar birnin. "To saurara. Yanzu tana ɗaga shi. Anjima za ta sake shi, barcin jiya ya haɗu da ita. Kada ka ɗauke ido daga kansa. Ni kuma zan zama tsohuwa mai fitina."

Ta cika alkawari. Ba mu yi nisa ba ta ce a tsaya, gwiwarta ta sage. Aka tsaya, ta sa Isiyaku ya fito ya riƙe ta suka taka. An ɗan jima ta ce a tsaya za ta kama ruwa. Sannan ta hango mai gyaɗa. Baba Alhaji ya ce, "Hajiya, a haka sai Maraɗi ta zo ta tarye mu." Ta ce, "Alhaji, ran da ka haifi tara ka zo mu yi maganar mafitsara."

Bayan Kankiya abin da ta faɗa ya zo. Surutun ya ɗauke. Na ga hannunsa ya yi laushi a kan sitiyari, fatar idonsa tana sauka yana ɗago ta da ƙyar. Na yi masa tambaya, ya amsa rabi. Wata tirela ta taho da buhunan siminti, kuma a hankali, kamar ana jan mu da igiya, motarmu ta tsallaka layin tsakiya ta nufe ta. Direban tirelar ya danna ham bai saki ba. Na kama sitiyarin na fizgo shi wajena da hannu biyu. Na ji ƙara ta gefen direba, madubi ya tafi, motar ta sauka kwalta ta hau burji ta yi tangal-tangal kafin ya taka birki.

Hajiya tana ta salati a hankali.

"A tambayi direba ko lafiya," in ji Baba Alhaji. Muryarsa ba ta canja ba.

"Ka ce wa Baba rami na kauce wa."

Na leƙa baya. Kwaltar sumul take, ko tsaga babu.

Mun shiga Katsina ana kiran azahar. Muka yi salla, aka sayo shinkafa da wake da soyayyen kifi. Hajiya Rakiya ba ta taɓa nata ba. Ta tafi inda Baba Alhaji yake zaune a kan darduma ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ni kuma na tsaya inda zan ji.

"Alhaji, ko dai mu kwana nan, ko mu ɗauki wani direba a tasha. Akwai maganar da zan faɗa maka."

"Hajiya, in maganar direba ce, ki yi da shi."

"Da kai zan yi. Kai ka haife shi."

Ya miƙe, ya naɗe dardumarsa, ya ce mutane suna jiranmu, kuma hanyar Jibiya ba a bin ta in rana ta yi sanyi. Ya shiga mota ya zauna.

Ta juya kan Isiyaku, ta ja shi gefe, ta sa ya zazzage aljihunsa. Goro ne da makulli da asuwaki. Ya ce, "Hajiya, ke uwa ce. In kika ɗauko wani direba a nan, kin gama tona mini asiri a gaban Baba. Tafiyar da ta rage ba ta da yawa. Na wanke fuska, na ci abinci, wallahi na warware." Idonsa ya ɗan buɗe a lokacin, gaskiya ne. Muka dubi juna ni da ita, muka shiga mota.

Wanda ya san hanyar Jibiya ya san ba wurin da ake tsayawa a huta ba ne. Daga shinge sai shinge, tsakaninsu kuma gonakin gero da ba kowa a ciki, kowace mota tana gudu don ta riski ta gabanta. Dabarar Hajiya ta tsaye-tsaye ta ƙare. Ta dawo kujerar tsakiya ta jiƙa tawul da ruwan sanyi tana ɗora masa a wuya, tana cewa zafi ya yi yawa. Ni kuma na sa shi ya jero mini garuruwan da ke tsakanin Zariya da Ikko. In ya tsallake ɗaya in ce ƙarya ne, ya dawo baya. Ban san hanyar ba, musu kawai nake yi don ya ji haushi. Hannuna na kusa da sitiyari har muka hango Magama, garin bakin boda.

A ɓangarenmu na boda ba mu daɗe ba. A ɓangaren Nijar aka karɓi katin shaida da katin allurar shawara, aka ce kowa ya sauko. Wani jandarma siriri ya zaga motar yana karanta ƙyallen sanarwar da ke jikinta da ƙarfi, harafi bayan harafi. Ya nuna lasifikar ya ce a kunna ya ji. Aka kunna. 'Yan canji da masu sayar da dabino suka taru, ya tambaya wane ne mai muryar, aka nuna ni, ya sara mini cikin wasa ya ce, "Ashe da rediyo guda kuka taho."

Sannan ya tsaya gaban Isiyaku, wanda ya jingina da mota. Ya dube shi da kyau.

"Shofer, ka gaji."

"Hanya ce, ranka ya daɗe."

Na san sauran katin yana wani wuri cikin motar. In aka same shi, a nan tafiyar za ta ƙare, Isiyaku ya kwana a hannun hukuma a ƙasar da ba tamu ba, a gaban mahaifinsa. Duk da haka, a wannan lokacin ban san wanne nake roƙo ba, a bincika ko kada a bincika. Jandarman ya miƙa mana katunanmu ya ce, "Ku da ke yaƙi da ita, mi za mu nema wurinku? Ku sauka lahiya."

Daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi tafiyar gajeriya ce, kuma a hankali ya yi ta, kamar mai tuƙa gawa. A bakin gari mai masaukinmu, Mushe Lawali (haka suke kiran ɗan boko a can), malamin makaranta kuma shugaban ƙungiyar, yana jira a kan babur. Ya shige gaba muka bi shi har gidansu, babban gida mai zaure irin namu, sai dai ƙofar ƙarfe ce mai shuɗin fenti. Aka shigar da Hajiya wurin mata, mu aka ba mu ɗakuna biyu a soro. La'asar ta ɗan gota.

Isiyaku ya kashe mota, ya ɗauki wani abu ƙarƙashin tabarmar ƙafarsa, ya ce zai ɗan miƙe kafin abinci. Ya shige ɗaki na biyu. Na ce a raina: Mun iso, zai yi barci, shi ke nan.

Mutanen Maraɗi ba sa wasa da baƙo. Fura aka fara kawowa, mai sanyi, a ƙwarya, sannan dambu da zogale, da gasasshen naman rago, da wannan dogon burodin nasu mai tauri da za ka iya kora akuya da shi. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, kuma sai an tambaye ka gajiya ta inda ba ka san kana da ita ba. Asibiti su likita suke ce masa, makaranta lakwal, tasha kuwa tasha ce. Lawali ya ba mu labarin yadda suke nasu aikin. Ba su da lasifika. Shugaban direbobi ne ke zama da butar shayi, duk mai doguwar tafiya sai ya zauna ya sha kofi da shi kafin a yi masa lodi, shi kuma yana duban idonsa. Wanda bai yarda da idonsa ba, sai ya ce a ba na bayansa layi. Baba Alhaji ya jinjina kai ya ce dabara ce mai kyau.

Lawali ya lura ban sa hannu a tire ba. "Malam, abincinmu bai yi maka ba?"

Na sunkuyar da kai. Ya dubi Baba Alhaji, ya dube ni, ya fashe da dariya. "Af! Suruki na! Ku gahurta mini." Ya sa aka zuba mini nawa aka kai ɗaki na biyu.

Tun daga bakin ƙofa na ji munsharin. Ba irin na mai gajiya ba ne. Ja ɗaya mai kauri kamar ana jan ruwa a maƙogwaro, sai shiru mai tsawo, har ka ɗauka ba za a sake ba, sannan wani jan. Na karanta bayanin wannan munsharin a lasifika sau ba adadi, ban taɓa jin sa da kunnena ba sai ranar. Na ajiye kwanon. Na kira shi, na girgiza shi, na murza masa ƙirji da ƙarfi. Ko motsi. Leɓɓansa sun yi duhu.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga Hajiya Rakiya a kaina ba mayafi. Ta ɗaga fatar idonsa, ta ce, "Habu, kama ƙafafun, mu juya shi." Mahaifiyar Lawali ta shigo da kwanon madara tana cewa a ɗura masa, ita ke karya dafi. Hajiya ta tare ta da hannu.

"Inna, kada wanda ya ɗura masa komai. Ba ya iya haɗiya, huhunsa za ta tafi. Mota za a nemo, yanzu."

Baba Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa da carbi, bai shigo ba. Bango yake kallo.

"Gajiya ce," in ji shi. "A bar shi ya huta."

Wannan ne karo na farko da na ga ya faɗi magana babu wanda ya bi. Maƙwabcin Lawali ya kawo a-kori-kura, muka ɗora Isiyaku a baya kan katifa. Hajiya ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ta tallafi haɓarsa don hanyar iska ta buɗe, tana ƙirga numfashinsa a fili. Baba Alhaji ya shiga gaba.

Asibitin unguwa ne, ƙarami, mai tsabta. Babban ma'aikacin jinya, wanda suke kira majo, dogo ne mai furfura a gemu. Ya haska idon Isiyaku, ya sa masa abin iska a hanci, ya soki yatsarsa ya duba sukari, duk kafin ya yi mana magana.

"Wane na ubanshi?"

Lawali ya nuna Baba Alhaji da ido.

"Baba, mi ya sha?"

"Ba ya shan komai," in ji Baba Alhaji. "Direba ne, ya kwana a hanya."

"Baba, abin da zan yi mishi ya danganta da amsarka. In zazzaɓi ne ya hau kai, magani daban. In jini ne ya hau, daban. In ƙwaya ce, akwai allurar da ke warware ta, amma ba ni da lokacin yin canke."

Hajiya ta ce, "Ni ban gani ba. Ga wanda ya gani."

Kowa ya juyo wajena, ban da mutum ɗaya. Na yi shekaru ina karanta labarin mutuwa da na gobara muryata ba ta rawa. Na nemi wannan muryar, na dubi majon, na ce, "Tiramol ya sha a Funtuwa da hantsi, da yawa, da lemon ƙarin kuzari. A gabana. Da muka iso kuma na ga ya ɗauki wani abu a mota, ban ga ko mene ne ba."

Majon ya riga ya fara zuƙo allura. "Ya saba da ita, ko yau na farko?"

"Ban sani ba."

"In ya saba, ta safe ba ta kwantar da shi haka da la'asar. Wani abu ya ɗora mata. Mi yake ɗorawa?"

Ban sani ba. Hajiya ba ta sani ba. Aka ji wannan dogon shirun a ƙirjin Isiyaku, muka jira, sannan ja ya zo.

Majon ya dubi Baba Alhaji, wanda har yanzu bai kalli gadon ba. Ya dubi inda ya tsaya, can nesa kusa da taga. Ya rage murya.

"Ɗan fari na, ko?"

Lawali ya ɗaga kai.

Majon ya taka har inda Baba Alhaji yake, ya tsaya gefensa, shi ma ya fuskanci taga. "Baba, ni ma nawa uban bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Ban ce ka ba ni labarin ɗanka ba. Ba ni labarin direbanku."

Na ga carbin ya tsaya a hannun Baba Alhaji.

"Direbanmu," in ji shi, sannan ya sake farawa. "Direbanmu ya fi shekara yana shan ta tuƙi. In ya sauka barci ba ya zuwa, sai ya sha ta barci, 'yar ƙarama. Wani lokaci ya haɗa da maganin tari na kwalba. Matarsa ta faɗa wa uwarsa, uwarsa ta faɗa mini." Ya ƙara da cewa, "Na ce in aka tsayar da shi a gaban mutane aka yabe shi, zai ji kunya ya bari."

"Madalla, Baba. Ka taimake ni."

Majon ya koma gado da sauri, ya ba mataimakiyarsa umarni cikin Faransanci, ya yi allurar. Ya ce za ta warware ta tuƙin, ta barcin kuwa sai dai a tallafi numfashinsa har ta sake shi, don haka ba inda za a je da shi, ba kuma wanda zai bar gefensa. Muka tsaya muna kallon ƙirjinsa. Shirun da ke tsakanin ja da ja ya fara gajarta. Can ya yi tari, ya yi amai, Hajiya ta riƙe kansa a gefe. Ya buɗe ido bai san inda yake ba, ya ce, "An sauke kayan?" Ya koma barci. Majon ya ce wannan komawar da sauƙi, amma allurar tana iya ƙarewa kafin ƙwayar, sai an sa ido.

Aka sa masa ƙarin ruwa. Ƙarfen ratayawa yana wurin wata mai naƙuda, mataimakiyar ta ɗaga ledar tana neman wanda zai riƙe kafin ta samo wani. Na miƙa hannu. Baba Alhaji ya riga ni. Ya tsaya a gefen gadon da hannu a sama, babbar rigarsa ta zame har kafaɗa. Da aka kira magariba na ce, "Baba, kawo in karɓa." Bai ba ni ba, sai da aka kawo ƙarfen.

Washegari aka yi taron a tasha kamar yadda aka shirya. Direbobi sun cika rumfa, shugabansu da butar shayinsa a gefe. Hajiya Rakiya ta nuna yadda ake juya mutum ta gefe, ta yi gwajin da wani ƙaton kwandasta, aka yi ta dariya. Da aka zo kan Baba Alhaji, bai karɓi abin magana ba. Ya tsaya ya ce, "Mun taso daga Zariya mu ce muku kada ku sha ku tuƙa. Wanda ya tuƙo mu yana kwance a likita. Ɗana ne. Na san yana sha, ban yi masa magana ba." Ya zauna. Bayan an tashi, dattawa da dama suka bi shi gefe ɗaya bayan ɗaya. Ban je kusa ba, ban san abin da suka ce masa ba.

An sallami Isiyaku ranar Juma'a. Shugaban direbobin ya ba mu wani direba, bayan ya sha shayi da shi, ya dawo da mu har ƙofar gida. Isiyaku ya kwanta a kujerar baya, Hajiya ta koma gaba, ni na zauna a tsakiya kusa da surukina, ban ci komai ba har Zariya.

Isiyaku bai koma hanyar Ikko ba. Yanzu yana tsare wa wani abokinsa shagon kayan gyaran mota a Tudun Wada. Ya koma wa ƙwayar sau ɗaya bayan Sallah, ya faɗa da bakinsa, aka sake fara magani. Yana ganin likita duk ranar Litinin, kuma Baba Alhaji ne ke raka shi.